Asuba a Kano, La'asar a Kartum

"Sake faɗi," in ji Fatsuma. Ta ajiye kwandon da ta ɗauko a kan benci. "Wa kac ce ka gani?"

Isa ejan, wanda ke shirya wa maniyyatan wannan yanki tafiyar jirgin sama, ya dubi mutanen da ke jira a bakin rumfarsa, ya rage murya. Ranar kasuwar Wurno ce, an kwana ana ruwa, ko'ina ya caɓe, masu jakai suna ta cacar baki da masu tallan fura a kan ɗan busasshen wurin da ya rage.

"Mijinki, Mode. Bara na gane shi da idona a Kartum, inda jirgi ke sauka shan mai. Shina da teburin shayi bakin shingen filin. Duk jirgin alhazan da yas sauka, sai shi matso shina tambaya ko akwai mutanen Wurno."

"Shi ne kay yi shekara guda ba ka faɗa ba?"

"Shi yar roƙe ni in yi shiru. Amma yanzu fasfonki ya fito, an yi maki lamba, jibi za ku kama hanyar Kano. Gara ki ji daga bakina da ki sauka jirgi ki yi karo da shi."

Fatsuma ta zauna. Kusan shekara ashirin ke nan da Mode ya ɗaura wa jakinsa kaya, ya bi ayarin da ya tashi daga Rabah zuwa gabas da niyyar aikin hajji. A wancan lokaci haka ake yi: a yi ta tafiya har guzuri ya ƙare, a tsaya a yi ƙodago, a sake tashi. Ya ce mata shekara uku, in ta yi yawa huɗu. Ya bar ta da 'yarsu Ma'u tana koyon daka, da Zayyanu a goye, da tsohuwarsa Laraba, da wani lambu a fadamar Rima wanda ciyawa ta fi albasa yawa a cikinsa. Saƙonsa ya zo sau ɗaya daga ƙasar Wadai. Daga nan shiru.

Lambun nan ita ta tashe shi. Ta ɗauki 'yan ƙodago, ta kafa jigo biyu na ban ruwa, ta koyi ajiye albasa a rudu, wato rumbun kara, har damina, lokacin da ta yi wuyar samu, sannan ta fitar. A hankali fataken Sakkwato suka san ƙofar gidanta. Da albasar nan ta aurar da Ma'u a Goronyo, da ita ta yi wa Zayyanu aure, da ita kuma bana ta kama kujera biyu a jirgin Makka, tata da ta ɗanta.

"Nuna mani wurin," ta ce.

A jikin zanan rumfar akwai taswirar da kamfanin jirgi ya ba Isa, damina ta sa gefenta ya nannaɗe. Ya tashi ya dafa ta.

"Ga Kano. Ga Kartum, babban birnin Sudan. Tsakaninsu mil dubu ɗaya da ɗari shida da 'yan kai, haka Turawan jirgi sunka ce."

"Ni ban san mil ba. Faɗa mani da salla."

Isa ya yi murmushi. "Ki yi asuba a Kano, ki yi la'asar a Kartum. Jirgi shi sha mai, ku tashi, ku yi isha'i a Jidda."

"Azahar fa?"

"A sama za ta same ku."

Ta daɗe tana duban taswirar. Tsakanin garuruwan biyu bai kai taƙin hannun Isa ba. Ta ɗauki kwandonta, ta ce masa ya tanadi kansa, don a Kartum za ta buƙaci shaida, ta fita.

A hanya ta yi tunanin ta rufe maganar har ta dawo. Amma ta san bakin kasuwa. Masu jira a ƙofar rumfar ba kurame ba ne, kafin la'asar labarin zai shiga kowane zaure. Ta fi so tsohuwa ta ji daga gare ta.

Ta tarar da Laraba a ƙarƙashin rumfar tsakar gida tana kaɗi, mazari yana juyawa a tasa. Tsohuwar ta rame da shekaru, amma idonta garau, hannunta kuma bai taɓa rawa a kan zare ba. Ƙasimu, babban ɗanta, wan Mode, yana zaune a kan turmi, ya zo gaisuwar da yake zuwa duk ranar kasuwa.

Fatsuma ta durƙusa ta gaishe su, sannan ta ce, "Inna, na zo da labari. Uban Zayyanu shina raye."

Mazarin ya tsaya. Laraba ta riƙe shi a tafin hannu kamar wanda zai gudu.

"Wa yag gane shi?"

Fatsuma ta faɗi duk abin da Isa ya faɗa, ba ta rage ba, ba ta ƙara ba. Laraba ta ɗaga hannu sama ta yi hamdala, ta sake yi, hawaye suna bin tamojin fuskarta. Ta tambaya ko yana da lafiya, ko yana da ƙiba, ko ya yi furfura. Fatsuma ta ce ba ta sani ba, amma za ta gani, tunda a nan jirginsu zai sauka.

"Wata nawa za ku yi kafin ku kai can?"

"Ba wata ba ne, Inna. Daga Kano wuni guda ne. Bai ma cika ba."

Tsohuwar ta dube ta, ta dubi Ƙasimu, ko zai gyara maganar. Bai gyara ba.

"Wuni guda," ta ce a hankali. "Kamar in tafi Goronyo wurin Ma'u."

"Haka ne, Inna."

"To in wuni guda ne, mi yah hana shi zuwa?"

Shekara da shekaru, duk wanda ya tambayi Laraba labarin autanta, amsarta ɗaya ce: hanyar gabas nisa gare ta, sai haƙuri. Da wannan take kwana, da shi take tashi. Yanzu ta zauna da mazari a hannu, jirgi ya ƙwace mata wannan amsar.

Ƙasimu ya gyara zama, ya juyo wajen Fatsuma. "To tunda shina raye, magana ta sake. Matar aure ba ta tafiya irin wagga sai da izinin mijinta."

"Yaya, na tambayi liman tun kafin in kama kujera. Ya ce farilla ce, kuma ga ɗana zai raka ni."

"Liman ya ba ki amsa bisa zaton ba a san inda mijinki yake ba. Yanzu an sani."

"To ai ta zo da sauƙi. Zan tambaye shi a hanya."

Ƙasimu ya bar wannan. Ya ɗauko ɗayar maganar, wadda ta fi shekara goma tana tsakaninsu. Shi a wurinsa lambun fadama gandun ubansu ne, ba a taɓa raba shi ba, don haka yana da haƙƙi a ciki. Ita kuwa ta san an raba tun kafin tafiyar Mode, Ƙasimu ya ɗauki gonar tudu, Mode ya ɗauki fadama, a lokacin ba mai sonta. Dattawan da aka yi a gabansu duk sun rasu. Sau biyu maganar tana kusa da zuwa gaban alƙali, Laraba tana hanawa.

"Wannan ma zan tambaye shi," in ji Fatsuma. "Gaban Isa, da duk wanda kaz zaɓa cikin masu tafiya. In ya ce gandu ne, in na dawo ka zo da igiya mu auna. In ya ce nashi ne, maganar ta mutu. Ka yarda?"

Ƙasimu ya gyaɗa kai. Ya ce a sa Malam Yusha'u na Goronyo, wanda shi ma yana cikin maniyyatan bana, mutum ne da ba ya karkata. Ta ce ta yarda. Ya tashi ya kaɗe rigarsa, ya yi wa uwarsa sallama. Fatsuma ta raka shi zuwa zaure. Sai da ya sa ƙafa waje ya tsaya, bai juyo ba.

"Ki ce mashi ni na binne Baba ni kaɗai," ya ce. Ya ɗan jima, ya ƙara, "Ki kuma duba mani ko shina cin abinci."

Ranar tafiya rabin unguwa ya fito rakiya. Laraba ba ta fito ba. Ta kira Fatsuma ɗaki, ta kama hannunta da ƙarfin da Fatsuma ba ta san tana da shi ba, ta ce, "Ki zo mani da shi."

"Inna, ba ni yi maki alkawarin abin da ba hannuna yake ba. Amma abin da nag gani, da abin da yac ce, zan kawo maki shi yadda yake."

Motar ta kafe a laka tun kafin su kai Sakkwato, maza suka sauka suka tura. Ta sake kafewa bayan Gusau. Da suka isa Kano aka ajiye su a masaukin alhazai, aka yi ta duba fasfo da shaidar lamba, yau a ce gobe, gobe a ce jibi. Zayyanu, wanda bai cika magana ba ko a gida, ya ƙara yin shiru. Sau ɗaya ya tayar da zancen, suna cin tuwo.

"Inna, in na gane shi, mi zan ce mashi?"

"Ka gaishe shi. Ubanka ne. Sauran ka bar mani."

Ranar da aka kira su, sun yi asuba a filin jirgi, a kan tabarmi, jirgin yana tsaye can gefe kamar wani dogon rumbu na kwano. Da aka tayar da injuna, matar da ke kusa da Fatsuma, wata mutuniyar Shinaka, ta fara salati da ƙarfi tana neman tashi. Fatsuma ta kama hannunta ta danne a cinyarta.

"Zauna. Waɗanda sunka tafi bara duk sun dawo, har da ƙiba."

Da ƙasa ta sake su, kunnuwan Fatsuma suka toshe. Amma ba ta rufe ido ba. Ta kafa goshi a taga tana kallo. Gonaki suka zama kamar facin zane, sannan kore ya yi ta raguwa, ƙasa ta koma ja, ta koma fari-fari. Wani lokaci takan hango wani siririn layi ya ratsa daji, ta san hanya ce, ta san akwai mutane a kanta yanzu haka da jakai da tulunan ruwa da yara a goye, suna duban gabas. Kafin ta gama tunanin, layin ya wuce. Azahar ta same su a zaune, suka yi ta da ishara yadda aka koya masu a masauki.

Zafin Kartum ya mare ta tun daga ƙofar jirgi. Aka kora su zuwa wata doguwar rumfa ta kwano inda za su jira a zuba mai. Bayan rumfar akwai shingen waya, bayan shingen kuma mutane sun yi cincirindo, masu dabino, masu ruwa a salka, masu shayi. Yawancinsu Hausa suke yi, wata irin Hausa da Larabci ya shiga cikinta. Kowa yana kiran sunan garinsu. Akwai mutanen Haɗeja? Akwai na Katsina? Wa ya fito daga Zazzau?

"Akwai mutanen Wurno?"

Muryar ba ta sake ba. Sauran duk ya sake. Mutumin da ke riƙe da butar shayi dogo ne har yanzu, amma ya ranƙwafa, gemunsa ya yi fari fat, yana sanye da farar jallabiya irin ta mutanen ƙasar, ta sha wanki har ta yi shara-shara. Fatsuma ta yafito Isa da Malam Yusha'u, ta taɓa kafaɗar Zayyanu, ta nufi shingen ba gaggawa.

"Akwai," ta ce. "Salamu alaikum, Malam."

Mode ya dube ta. Ya dubi Isa, ya sake dubanta. Ya sunkuya ya ajiye butar a ƙasa a hankali.

"Fatsuma."

"Ni ce. Inna tana raye, tana gaishe ka. Baba ya rasu, shekara ta bakwai bayan tafiyarka. Ma'u tana Goronyo da ɗiya uku. Wanga kuma Zayyanu ne."

Zayyanu ya durƙusa a gindin shingen ya ce, "Ina wuni, Baba." Mode ya durƙusa shi ma daga nasa ɓangaren. Ramin wayar bai isa hannu ya shiga ba, sai yatsu biyu ya zura, Zayyanu ya kama su. Suka zauna haka. Mode yana ta motsa baki, yana yi wa ubansa addu'a, yana duban wannan ƙaton mutum mai gemu da ya bari a goye. Fatsuma ta ba su lokaci, amma tana jin ƙarar motar mai a bayanta, ta san lokacin ba shi da yawa.

"Malam, jirgi ba shi jiran kowa, bari in faɗi abin da ke tafe da ni. Yaya Ƙasimu ya ce in nemi izininka kafin in wuce."

Mode ya ɗago. Wata 'yar dariya ta kuɓuce masa, ba ta daɗi ba. "Izinina? Ke da kinka zo nan da ƙafarki... Ki wuce, Fatsuma. Allah shi karɓa."

"Amin. Sai lambun fadama. Ga Isa, ga Malam Yusha'u. Gandu ne, ko naka ne?"

"Nawa ne. An raba gaban Baba, Yaya ya ɗauki tudu. Wannan wurin har yanzu ana noma shi? Ai ciyawa ce."

"Shi yak kawo mu nan," in ji Zayyanu.

Mode ya dubi ɗansa. Sannan ya dubi shaidun biyu ya ce su shaida ya bar wa Zayyanu da Ma'u lambun, uwarsu kuma ta ci gaba da riƙonsa muddin ranta. Malam Yusha'u ya maimaita maganar kalma kalma, ya ce ya ji. Shi da Isa suka ja da baya, suka tafi alwalar la'asar.

Mode ya zuba shayi a ƙananan kofuna biyu, ya miƙo ta ƙarƙashin shingen. Da suna sha ya ba su labarinsa a gajarce, idonsa a ƙasa. Jakin ya mutu a Wadai. Ya yi shekaru yana tsinkar auduga a gonakin Jazira, nan cikin Sudan. Sau ɗaya ya kai har bakin Bahar Maliya, ya ga ruwan da idonsa, ciwo ya kwantar da shi, kafin ya tashi jiragen ruwa sun tafi, abin hannunsa ya ƙare. Wani mutumin Gwandu ya yi jinyarsa, daga baya ya ba shi 'yarsa. Yanzu suna da yara huɗu. Kullum yana cewa baɗi zai ƙetare, baɗi kuma in ta zo, sai wani abu ya taso.

"In kina son takardar saki," ya ce, "ga shaidu nan kusa. Ba ni da bakin hana ki."

"Da ita nike so, da alƙali ya ba ni tun Zayyanu bai yi kaciya ba. Na zauna don Inna da ɗiyana, kuma ban yi asara ba. Bar wannan. Inna ta ce in zo mata da kai."

"Baba, ka zo gida," in ji Zayyanu. "Ko ka ga Kaka ka komo. Isa zai san yadda za a yi."

Mode ya girgiza kai. "Da wane ido? Garinmu kaf sunka raka ni har bakin gulbi. Na fita da sunan Makka. In shiga Wurno bayan shekara ashirin, a ce ina Makkar, in ce ban kai ba?"

"Inna ba Alhaji take jira ba," in ji Fatsuma.

"Na sani. Ki ce mata ina hanya. In na sauke farali zan zo."

"Wannan ba ni faɗa mata. Zan ce mata na gane ka, kana da lafiya, kana da iyali, kunya ta hana ka zuwa. In akwai ƙarya ciki, gyara mani yanzu."

Ya daɗe yana duban kofin da ke hannunsa. "Babu," ya ce.

Ta isar masa da saƙon Ƙasimu, duka biyun. Na farkon ya sa shi rufe fuska da hannun riga. Na biyun ya sa shi cewa, "Yaya ke nan," yana share ido. Daga rumfa aka fara kiran alhazan Kano su yi salla su hau. Fatsuma ta turo kofin ta ƙarƙashin waya, ta miƙe, ta gyara mayafinta.

"Fatsuma," ya ce. "In kin ga Ɗakin Allah, ki roƙa mani Allah shi nufe ni da zuwa."

"Zan roƙa."

Ta roƙa kuwa. Ta yi masa addu'a a wurin ɗawafi, ta yi masa a Arfa, da sunansa, ba tare da wani ɗaci ba, abin da ya ba ta mamaki ita kanta. A dawowa jirginsu bai sauka Kartum ba, a wani gari ya sha mai.

Sun iso Wurno gero ya nuna, ana shirin yanka. Gidan ya cika da 'yan barka, ana ta Hajiya, Hajiya, yara suna layin dabino, tsofaffi suna karɓar zamzam a ludayi. Malam Yusha'u, tun kafin ya wuce Goronyo, ya tsaya a zauren Ƙasimu ya faɗi abin da ya ji. Ƙasimu ya zo da kansa ya yi barka, ya ce magana ta mutu, sannan ya zauna ya yi ta tambayar kamannin ƙanensa har shayinsa ya huce.

Laraba ba ta tambayi komai ba a gaban mutane. Tun da ta ga su biyu suka sauko daga mota ta koma rumfarta. Sai washegari da hantsi, da gida ya yi sauƙi, Fatsuma ta ɗauki tabarma ta je ta zauna kusa da ita. Ta faɗa mata duka: farin gemun, da teburin shayi, da matar, da yara huɗun, da bakin ruwan da ya kai ya dawo, da abin da ya ce game da idon mutanen Wurno.

Tsohuwar ta saurara har ƙarshe ba ta katse ta ba.

"Kunya," ta ce. "Tun shina yaro haka yake. In ya fasa tulu sai shi kwana gidan maƙwabta." Ta dubi Fatsuma. "Ba shi zuwa ke nan."

"Ban ga alama ba, Inna."

"Ɗiyan nashi, kin gane su?"

"A'a. Suna cikin gari, mu kuwa ba a bari mu fita shinge."

Laraba ta gyaɗa kai. Ta dubi ƙafafunta, ta motsa yatsunsu ɗaya bayan ɗaya kamar mai duba kayan da aka daɗe ba a yi aiki da su ba.

"Jirgin nan, akwai hawa da yawa kafin a shiga?"

"Matakala ce, ba ta kai ta soron hakimi ba."

"Shina ɗaukar tsofaffi?"

Fatsuma ta juyo ta dube ta sosai. "Akwai wadda tag girme ki cikin namu. Ɗanta yag goya ta har ciki."

"Ni ba a goya ni. Ina da shanu biyu wurin Fulani, na gadon uwata, ban san abin da nike ajiyarsu ba. Ki aika a kira mani Babba, shi zai raka ni, shi ma ya ga ɗan'uwanshi." Babba shi ne Ƙasimu, ɗan farinta, wanda ba ta kiran sunansa. "Ranar kasuwa kuma ki gaya wa Isa shi sa ni cikin na baɗi."

"To, Inna. Wane suna za a sa a fasfo?"

Tsohuwar ta ɗauki audugarta ta fara ja.

"Ki ce shi rubuta Laraba uwar Mode. In an kira a can, shi ji."